Hirar da Na Nemo wa Goggo Turai

Goggo Turai ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Ni dai tun da na yi wayo ban ji ba, mahaifina kuma, wanda ƙanenta ne ciki ɗaya, ya ce shi ma bai taɓa ji ba. Sunansa Sha'aibu. In zance ya matsa mata lamba sai ta ce "yaron gidan Hamma", ta kau da kai kamar mai maganar ɗan maƙwabta. Yaron nan fa yanzu furfura ta cinye masa gemu, babban ma'aikaci ne a ma'aikatar harkokin waje a Abuja, amma a bakin Goggo har gobe yaron gidan Hamma ne.

Mu asalinmu mutanen ruga ne. Kakanmu ne ya gaji da yawo ya zauna kusa da Dangora, yana noma yana kiwo, a nan aka haifi Goggo. Ta tashi tana kai nono kasuwa, daga baya ta auri Malam Balarabe, manomin masara a Badafi. Fillancin ya gudu daga bakinmu sai 'yan kalmomi, amma fulako yana nan daram. A wajenmu uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi, in ya faɗi ya fasa baki wata ce za ta ɗaga shi. Da aka yaye Sha'aibu sai babban wansu, wanda kowa ke ce wa Hamma, ya zo ya tafi da shi Kano inda yake aikin malamin dabbobi. Mahaifina ya ce ranar Goggo tana bakin turmi, ko taɓarya ba ta ajiye ba. Sai dai geron da aka ce ta surfa, ta yi ta dukansa har ya zama gari.

Kada wani ya ɗauka Goggo shiru-shiru ce. Ina! Matar da in tana yi wa akuya faɗa a Badafi sai ka rantse mutanen Kiru na ji. Ta haifi 'ya'ya bayan Sha'aibu, ta goya su, ta zane su, ta yi musu waƙa. Autarta Dije har yau a gidan take, ita ke kula da ita tun da Malam Balarabe ya rasu. Ni kuwa tun da na fara aiki a wani gidan rediyo a Kano ta raɗa mini suna "uwar surutu", ta ce ai gara da aka samu masu biyana, da a banza nake yi. Tana da wani ɗan rediyo da take ratayewa a ginshiƙin rumfa, ta san kowane mai gabatar da shiri, ta san wanda ya iya magana da wanda ya kamata a mayar da shi gona.

Sha'aibu bai yar da ita ba, kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Shi ya gina mata ɗaki, shi ya kai ta Makka. In yana ƙasar, duk sallah sai ya zo. Zai durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuma tana ciki tana kallon bango.

"Lafiya. Ya hanya? Madalla. Dije, a kai ruwa."

Shi ke nan, an gama. Sai ta faɗa madafa ta yi ta girki kamar za a ciyar da gari guda, ta aika masa zaure, ita ko ɗanɗanawa ba za ta yi ba. Da waya ta zo ma ba abin da ya canza. Duk Juma'a yana kira, Goggo ta karɓa ta ce lafiya lau, to, to madalla, ga Dije. Dije ta ce mini da zarar ta kara wayar a kunne, Goggo za ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar wurin da aka riga aka share, tana zagaya ta. Wata rana Dije ta ji tausayinta ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Goggo ta yar da tsintsiyar, ta ɗauki mayafi ta fice gidan maƙwabta, ta yi kwanaki ba ta yi wa Dije magana ba.

Ni abin yana ba ni haushi, ban ɓoye ba. Na taɓa ce mata, "Haba Goggo, zamani fa ya canza. Ɗanki ne, ki kira shi ki yi hira da shi mana."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke zamanin ya haifa. Ni ba shi ya haife ni ba."

Da kaka, bayan idonta ya fara yin hazo-hazo, na je Badafi hutu. Muna zaune a tsakar gida muna ɓarar masara, ni da ita da Dije, rediyo na ta yi a rumfa. Can sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ke Nusaiba, wai ku a gidan rediyon naku manoma da 'yan siyasa kaɗai kuka sani? Kullum taki, kullum zaɓe. Ba kwa hira da masu aikin ƙasashen waje ne? Ai mutane na son su ji yadda duniya take."

Na fashe da dariya. "Goggo, yaushe kika fara damuwa da duniya?"

Dije ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da na ji zafi. Na dubi Goggo, tana ta murza masara, kunnenta ya yi ja. Wallahi sai a lokacin na gane. Rediyo da kowa yake magana. In muryar mutum ta fito daga cikinsa, mai kanti zai ji, mai faci zai ji, tsohuwa a rumfa ma za ta ji, ba wanda zai ce ta zauna sauraren ɗanta. Shekara hamsin da wani abu matar nan ba ta taɓa jin ɗanta ya yi doguwar magana ba, ga hanya ta samo da kanta, ni kuma ina mata dariya.

Washegari na kira Yaya Sha'aibu. Tsakaninmu akwai wasan taubasai, shi ɗan mace ni 'yar namiji, don haka ba na jin nauyinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hira nake so a rediyo."

Ya ce, "Sarkin tsegumi, an fara ke nan? Ke a zatonki abin haka yake, ki kira ni in hau zuba? Ko sannu zan ce a rediyo sai da izini. Akwai kakakin ma'aikata, shi ke magana da 'yan jarida. Ki rubuto."

Na faɗa masa dalili? Allah ya kiyaye. Da na tona wa Goggo asiri a wurin mutumin da ta fi jin kunya a duniya.

Na samu editanmu Malam Mudassir na ce masa ga abin da nake so, kuma mutumin ɗan'uwana ne, gara ya sani tun yanzu. Ya ce shi zumuntarmu ba ta dame shi ba, abin da mai sauraro zai ƙaru da shi yake tambaya. Wannan kuwa ba wuya. Daga Bebeji har Doguwa ba garin da ba a ɗebi matasa an kai su aikatau ƙasashen waje ba, wasu su dace, wasu a ji su shiru. Sashen da ke kula da 'yan ƙasa mazauna waje kuwa nan Yaya Sha'aibu yake. Malam Mudassir ya sa hannu a takardar neman hira, aka buga hatimi, aka aika Abuja.

To daga nan na san ana aiki. Wanda bai taɓa neman hira da jami'in harkokin waje ba gani yake waya kawai ake ɗagawa. Ba haka ba ne. Su mutanen nan kalma ɗaya in ta goce a bakinsu, wata ƙasa ce za ta yi fushi, ba wani ɗan majalisa ba, shi ya sa komai nasu a hankali. Takardata ta faɗa hannun wata jami'ar yaɗa labarai, Hajiya Saudatu, mace mai sanyin murya da ba ta taɓa ce maka a'a, ba ta kuma taɓa ce maka gobe. Tambayarta ta farko, me ya sa ba kakaki ba? Na ce ina son wanda hannunsa ke cikin aikin. Ta ce to in turo tambayoyi. Na tura. Aka dawo mini da su an cire ɗaya, wai ta taɓo maganar da ba a gama tattaunawa da wata ƙasa ba. Na haƙura, don ni ko tambayar farashin tumatir za a bar mini, karɓa zan yi.

Aka sa rana. Ana jibi sai ga baƙi daga waje, aka ɗaga. Aka sake sa wata, ya bi tawaga zuwa taro. Na koyi kada in kira Hajiya Saudatu ranar Litinin, na koyi in fara da gaisuwa mai tsawo, in tambayi yara da jikin maigida, sannan a ƙarshe in ce, "Hajiya, ko akwai labari?" kamar abin bai dame ni ba. Alhali ya dame ni ƙwarai. Akwai ranar da na ajiye waya na shiga banɗakin ofis na yi kukana na wanke fuska.

Aka gama kaka, rani ya wuce, har aka fara sharar gona. Goggo ba ta sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. In na je gida sai dai ta tambaye ni aiki, in ce da godiya, ta ce madalla. Amma Dije ta ce mini tun ranar nan ba a sake murɗa rediyon zuwa wata tasha ba, kuma duk ranar kasuwar Dangora sai ta ba da saƙon batir, ga wasu a ajiye ba a taɓa ba.

Ranar da aka yi ruwan farko Hajiya Saudatu ta kira ni da kanta. Ta ce an amince. Ban gama hamdala ba ta ce akwai magana biyu. Ta farko, amsoshin da aka duba aka yarda da su da Turanci suke, don haka da Turanci za a yi hirar. In Hausa nake so, sai an fassara an sake dubawa daga farko. Ta biyu, an tura shi aiki ofishin jakadanci a wata ƙasa mai nisa, ƙarshen wata zai tashi.

Kai, na yi masifa! Na ce, "Hajiya, mutumin nan a Badafi aka yanke masa cibiya. Hausar tasa ce sai an duba?"

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Na sani, Nusaiba. Ba Hausarsa ake dubawa ba, maganar gwamnati ake dubawa. Ki zaɓa, ko yanzu da Turanci, ko ki jira ya dawo."

Ya dawo yaushe? Irin wannan tafiya shekaru ake yi. Na tuna yadda Goggo ke lalubar bakin ƙofa kafin ta fita. Na ce yanzu.

Na je Abuja. Hajiya Saudatu ta zauna gefe da takarda a hannu, Yaya Sha'aibu ya gyara zama ya ce mini "Malama Nusaiba" kamar bai taɓa ƙwace mini rake ba. Ya yi bayani mai kyau, tsakani da Allah: yadda mutum zai gane dillalin ƙarya, inda zai je in an riƙe masa fasfo, abin da iyaye za su yi in sun daina jin ɗansu. Ya yi kusan rabin awa. Da na kashe rikoda, Hajiya ta fita, sai ya sassauta murya ya koma Hausa.

"Ya tsohuwa? Tana cin abinci kuwa?"

Na ce tana ci, tana kuma faɗa.

Ya yi murmushi ya ce, "Ni faɗan ma daga zaure nake jiyo shi. Da na shigo sai a yi tsit." Sannan ya tambaye ni ko na samu motar komawa.

Saura aikin ɗakin haɗa shiri, inda na san matsalar take tun farko. A tashar Hausa in baƙo ya yi Turanci, ana barin muryarsa ta ɗan fito, sai a danne ta a ɗora muryar mai fassara a kai. Haka ake yi ko'ina, kuma daidai ne, ba wanda zai zauna a Tudun Wada yana jin abin da bai gane ba. Malam Mudassir ne zai karanta fassarar. Na roƙe shi ya bar muryar ta ɗan yi tsawo. Ya ce in aka wuce jimla biyu mutane za su murɗa. Na ce uku. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce biyu a farko, ɗaya a ƙarshe, kuma kada in sake zuwa masa da wannan.

Aka sa shirin da hantsi ranar Asabar. Ina Kano, ban iya zuwa ba, Dije ce ta ba ni labari. Ta ce tun da safe Goggo ta yi wanka ta sa sabon zane, ta canza batir, ta ɗauko tire tana tsince wake, ta ba rediyon baya. Da aka faɗi sunansa hannunta ya tsaya. Muryarsa ta fito, jimla ɗaya, ta biyu, sai ga Malam Mudassir ya hau kai da Hausarsa garau. Goggo ta miƙa hannu ta ƙara murya. Malam Mudassir ya ƙara ƙarfi. Ta sauko da rediyon daga ginshiƙi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta manna shi a kunne tana neman muryar da ke can ƙasa. Har aka gama tana haka. Sannan ta mayar da shi ta rataye, ta ce wa Dije, "Wannan mai fassarar ya cika surutu," ta tafi wurin awakinta.

Ban iya cin abinci ba ranar. Wata da watanni ina bin mutane da Allah ya ba ku haƙuri, abin da na kawo mata jimla uku.

Cikakkiyar hirar tana cikin wayata, ba fassara, ba komai. Amma na san Goggo. In na miƙa mata na ce ga muryar ɗanki, mayafi za ta ɗauka. Sai na jira Asabar ta zagayo na tafi Badafi da littafin aikina. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a rumfa, nesa kaɗan da inda take zaune, na ce da ƙarfi don kowa ya ji:

"Dije, a hana yara hayaniya. An ce in rubuta hirar nan kalma bayan kalma, gobe ake so. Aikin banza, sai na saurare ta duka."

Dije ta ce to, ta kwashe yaran ta yi waje da su, ita ma ba ta dawo ba. Na kunna, na ƙure murya, na duƙufa ina zane-zanen banza a takarda.

Goggo ba ta tashi ba. Tana zaune a kan 'yar kujerarta, gefenta gare ni, hannuwanta a kan gwiwa. Ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta sani ba. Ɗanta yana ta bayani a kan fasfo da biza da yarjejeniya, yana jan numfashi, yana gyaran murya, wani wuri ya yi 'yar dariya saboda na yi tuntuɓe a tambaya. Da ya yi dariyar na saci kallonta. Bakinta yana motsi kaɗan, idonta a rufe. Na mayar da kaina kan takarda, don abin ya fi ƙarfina. Akuya ta shigo ta sa baki a kwanon dusa, Goggo tana ji, ba ta ce mata ko kanzil ba.

Hirar ta ƙare. Can waje kaji na ta kuka.

Ta ce, "Kin gama rubutun?"

Na ce, "Akwai wuraren da ban ji sosai ba, Goggo. Sai na maimaita."

"To ki maimaita mana. Aikin mutane ai ba a yi masa ha'inci."

Na maimaita daga farko. Da aka zo ƙarshe karo na biyu, ta goge fuska da bakin zane kamar mai share gumi, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Wannan mutumin da kuka yi hira da shi," in ji ta, "mura yake yi."

Ni da na zauna gabansa ido da ido ban lura ba. Na ce, "Anya, Goggo?"

"Mura ce, ta sauka masa a ƙirji. Ba kya jin yadda yake jan numfashi? Kuma an ce ƙasar da za shi sanyi gare ta." Sannan ta ce, "Ku da kuke da lambarsu, ki ce masa ya riƙa shan citta da kanumfari da safe. Ya bar ruwan sanyi. Ya rufe ƙirjinsa."

Na ce, "To Goggo. In ce in ji wa?"

Ta juya ta kalli bango.

"Ki ce in ji wata mai sauraro."